Doguwar Lasifika ko Ƙarama a Kan Mazauni: Wacce Ta Dace da Ɗakunanmu na Kumasi?

Duk wanda ya shiga shagunan kayan sauti na Adum, ko ya bi layukan masu kayan gwanjo a kewayen Kejetia da niyyar sayen lasifikar da zai riƙa sauraro da ita a gida, zaɓi biyu ne zai tarar a gabansa. Akwai dogayen da ke tsayawa a ƙasa da kansu, waɗanda tsawonsu kan kai mita 1, akwai kuma ƙanana da ba su wuce santimita 30 zuwa 40 ba, waɗanda sai an ɗora su a kan mazauni kafin su zo daidai kunne. Ido yakan karkata ga doguwar, mai shago ma can zai tura mutum, domin ita ce ta fi tsada, kuma ita ce ke cika shago da amo idan aka murɗa ta. Sai dai abin da zai yanke hukunci a kan sautin kowaccensu an baro shi a Aboabo ko Asawase ko Tafo, wato ɗakin da za a kai ta, da faɗinsa, da abin da aka shimfiɗa a ƙasansa, da kuma yawan filin da mutanen gida za su yarda a bar mata.

Wannan kwatanci bai shafi manyan lasifikokin da ake haya ranar suna ko ɗaurin aure ba, domin an ƙera su ne su jefa murya nesa a fili. Haka nan bai shafi akwatunan roba masu fitilu da ake rubuta wa wat 5,000 tare da haruffan PMPO ba, lambar da babu wani tsayayyen ma'auni a bayanta. Ana magana ne a kan lasifika biyu, dama da hagu, bisa tsarin da Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI na Ingila, ya nemi rajistarsa a 1931, wanda manufarsa ita ce mai sauraro ya ji murya ta tsaya a tsakiya, makaɗa kuma kowa a gurbinsa, kamar akwatunan ba su nan.

Abin da doguwa ta fi ƙarama da shi a bayyane yake. Akwatinta ya fi girma, galibi kuma tana da wufa, wato babban bakin da ke fitar da sauti mai kauri, guda biyu ko fiye, saboda haka tana tura iska mai yawa ba tare da ta wahala ba. Ana auna kauri ko sirantar sauti da yawan girgizarsa a sakan ɗaya, abin da ake rubutawa da Hz, kuma kunnen matashi mai lafiya yana ji daga kimanin 20 zuwa 20,000. Doguwa mai kyau takan sauka zuwa 35 ko 40, yayin da ƙarama mai wufa ta inci 5 ko 6 da rabi takan fara sanyi a wajajen 55 zuwa 60. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes, wadda kiɗan hailaif ke tafiya a kanta, tana kaɗawa a 41, don haka mai son wannan kiɗa yana da hujjar neman doguwa. Amma tushen muryar namiji baligi yana tsakanin 85 da 180 ne, ta mace kuma sama da haka, kuma mafi yawan sautin kalangu da kukuma da gurmi yana can sama da inda ƙaramar ke gazawa. Wanda galibin sauraronsa karatun Alƙur'ani ne da tafsirin watan azumi da ƙasidu da labarai, kusan babu abin da zai rasa a ƙarama.

Fa'ida ta biyu ita ce doguwa ba ta buƙatar ƙarfi mai yawa daga amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti kafin ya isa lasifika. A takardar kowace lasifika ana rubuta ƙarar da take fitarwa da wat 1 a nisan mita 1, da ma'aunin desibel. Ƙanana sukan faɗa tsakanin 84 da 87, dogaye kuwa tsakanin 88 da 91, kuma bambancin ya fi yadda yake a ido, domin kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar a ninka ƙarfin amfilifaya. Lasifika mai 84 tana cin ninki huɗu na abin da mai 90 ke ci kafin ƙararsu ta zo ɗaya. Maƙera sun daɗe da sanin ƙa'idar da ake jingina wa Josef Anton Hofmann na kamfanin KLH a Amurka, cewa tsakanin ƙanƙantar akwati da zurfin bes, wato sauti mai kauri, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai ake samu a cikin ukun. Duk ƙaramar da aka ce tana sauka ƙasa sosai, to a wajen amfilifaya za a biya kuɗin.

Da a fili ake sauraro, da doguwa ta ci gasar tun daga nan. Amma yawancin ɗakunan haya na Zango bulo ne da siminti, ƙasa tayil ko terazo, sama silin na filawud a ƙarƙashin kwano, kuma bango mai tauri irin wannan mayar da sauti mai kauri yake yi, ba ya shanye shi. A zafin digiri 30 irin na ranar Kumasi sauti yana tafiyar kimanin mita 349 a sakan, kuma tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai wata girgiza da ke kai da komo tana ƙarfafa kanta, wadda ake gano ta idan aka raba 349 da ninki biyu na tazarar da ke tsakaninsu. Ɗaki mai ƙafa 12, wato mita 3.66, yana da ita a wajajen 48, sannan a 95, sannan a 143. Idan kuwa ɗakin 12 da 12 ne, kamar yadda magina da yawa ke son yi, to tsawo da faɗi sun haɗu a kan lamba ɗaya, matsalar ta ninku. Akwai wata murya a jitar bes da ke kan 49, kuma a irin wannan ɗaki duk sa'ad da makaɗi ya taɓa ta sai ta kumbura ta danne sauran, gilasan tagar luba su hau rawa, alhali muryoyin da ke maƙwabtaka da ita sun yi kamar ba a kaɗa su ba. Mutane da yawa suna jin wannan gunji su ce lasifikar tana da bes, alhali ɗakin ne ke kuka.

A nan ne lissafin ke juyawa. Doguwa tana zuba cikakken ƙarfinta a daidai 48 ɗin nan, ta tsokano gunjin iyakar tsokana. Ƙarama kuwa, da yake ta riga ta fara sanyi kafin a kai wurin, ba ta tayar da shi sosai, har ma ɗakin yakan cike mata wani ɓangare na abin da ta rasa. A falo mai mita 4 da 6 lambobin sun warwatsu, 29 da 44 da 58, babu biyu da suka hau kan juna sai an kai 87, kuma a irin wannan wuri ne doguwa ke nuna abin da aka saye ta dominsa. Daidai ruwa daidai tsaki. Kada kuma a ruɗu da shawarar liƙa kwalin ƙwai ko siririn soso a bango don maganin gunji: tsawon zangon girgiza mai 50 ya kai kimanin mita 7, kuma soso mai kaurin inci 2 bai isa ya tare shi ba, abin da zai kashe kawai shi ne siririn sauti, ya bar ɗakin da gunjin tsagwaronsa.

Bangon da ke bayan lasifika shi ma yana da nasa hukuncin, kuma a ganina shi ne ya fi raba gardama tsakanin nau'o'in biyu. Bes yana zagaye akwati ya bazu ta ko'ina, har ta baya, ya bugi bango ya dawo. Idan lasifika na kusa da bangon, abin da ya dawo yana haɗuwa da na asali ya ƙara masa ƙarfi, a lissafi har desibel 6 ga kowane bango, shi ya sa kusurwa ta fi ko'ina kumbura bes. Idan kuma aka janye ta, akwai wata girgiza da ke dawowa a juye ta soke ta gaba, abin da Roy Allison ya yi bayaninsa a 1974. Ana gano ta idan aka raba 349 da ninki huɗu na tazarar da ke tsakanin fuskar lasifika da bango. A nisan mita 1 wannan rami, wato gurbin da sauti ke raunana, yana faɗawa a 87, daidai inda nauyin ganga da gindin muryar namiji suke. A rabin mita yana hawa zuwa 175. A santimita 35 yana wajajen 250, inda ya fi sauƙin magancewa da labule mai kauri ko wani abu mai laushi a bayanta. Kafin a tura ramin ƙasa da 45 sai an janye lasifikar kimanin mita 2 daga bango, wanda a ciki da falo irin namu yana nufin a tsakiyar ɗaki.

Doguwa a ƙaramin ɗaki tana shiga tsaka mai wuya ke nan. Idan an manna ta da bango, bes ɗin da dama yana da yawa ya ƙaru ya zama gunji. Idan an janyo ta, ta cinye hanyar wucewa, ta kuma faɗa inda ramin ya fi muni. Ƙarama ba ta da wannan damuwa, domin kusantar bango taimakonta yake yi. Ana iya barin santimita 10 zuwa 20 a bayanta, a saurara, a riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan har a sami inda murya ta daina yin kamar daga cikin randa take fitowa, amma kiɗa bai rame ba. Abin da ya kamata a kiyaye ga kowane nau'i shi ne kada tazarar bangon baya ta zo ɗaya da ta bangon gefe, domin idan suka zo ɗaya ramukan biyu suna haɗuwa a wuri guda.

A cikin kowane nau'i akwai wani rabe-raben da ya cancanci a duba kafin a biya kuɗi, wato ko akwatin a rufe yake ruf ko yana da ramin numfashi. Mai rami, wanda Albert Thuras na Bell Labs ya sami rajistarsa a 1932, yana amfani da iskar cikin bututun, wadda ke kaɗawa kamar yadda bakin kwalba ke kuka idan an hura shi, don ƙara bes a wani gurbi da aka zaɓa. Rufaffen akwati na zamani kuwa Edgar Villchur ne ya fito da shi a 1954 da lasifikarsa AR-1. Bambancinsu a aikace shi ne yadda suke janye jiki a ƙasa: rufaffe yana raguwa a hankali, desibel 12 duk sa'ad da girgiza ta ragu da rabi, mai rami kuma yana riƙe ƙarfinsa har wani wuri sannan ya faɗi da desibel 24. Raguwar rufaffe a hankali ta fi dacewa da ƙarin da ƙaramin ɗaki ke yi, shi ya sa ya fi haƙuri da bango. Ana yawan cewa ramin gaba ya fi na baya idan wuri ya yi ƙunci, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba: bes ɗin da ke fita ta ramin gaba shi ma yana zagayawa baya, bango kuma zai ƙara shi kamar yadda zai ƙara na ɗayan. Abin da ramin baya ke buƙata kawai shi ne a bar masa sarari ya yi numfashi, kada a toshe shi da bango ko a cusa shi cikin kabad ɗin talabijin.

Wanda ke shakkar ko ƙaramin akwati zai iya aikin kirki, ya dubi LS3/5A, wadda gidan rediyon BBC, da iyayenmu suka saba da sashensa na Hausa tun 1957, ya ƙera don motocinsa na ɗaukar shiri a waje. Tsawonta kimanin santimita 30 ne, wufarta milimita 110, akwatinta a rufe, an fara sayar da ita a tsakiyar shekarun 1970, kuma har yau wasu kamfanoni na ƙera ta da izinin BBC. Ba ta da zurfin bes, ba ta kuma jure a murɗa ta da yawa, amma an yi ta ne don injiniya ya ji muryar ɗan'adam yadda take daga kusa a cikin wuri mai ƙunci, kuma wannan yanayi ya fi kama da ɗakunanmu fiye da manyan falukan da ake ɗaukar hoton dogayen lasifikoki a cikinsu.

Sai batun nisan zama. Ƙa'idar ita ce lasifikokin biyu da kan mai sauraro su zama kusurwoyi uku masu tazara ɗaya: idan mita 2 ne tsakanin dama da hagu, to mita 2 ne daga kowacce zuwa kunne. Doguwa mai bakuna uku ko huɗu a jere takan buƙaci mita 2 da rabi zuwa 3 kafin sautin bakunan ya haɗe ya zama ɗaya, ƙarama mai baki biyu kuwa ta riga ta haɗe a mita 1 da rabi. A auna tazarar da tef ɗin tela, kada a dogara da ido, domin bambancin santimita 35 daidai yake da jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma wannan ya isa ya janye murya daga tsakiya zuwa lasifikar da ta fi kusa. Wurin zaman kansa kada ya zama tsakiyar ɗaki daidai, inda girgizar farko ta ɗakin ke soke kanta bes ya ɓace, kada kuma kai ya jingina da bango, inda take fi ƙarfi. Kaɗan fiye da sulusin tsawon ɗakin shi ne wurin da ake fara gwadawa, kuma ko janyo kujera da santimita 40 daga bango yana kawo canjin da kowa zai ji.

Akwai wani abu da littattafan maƙera ba su cika lura da shi ba, alhali a gidajenmu muhimmi ne. Dole tuwita, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, ta kasance daidai tsayin kunne, domin siririn sauti miƙewa yake yi ba ya bazuwa kamar bes. An ƙera doguwa ne bisa zaton mai sauraro yana kan kushin, kunnensa a santimita 90 zuwa 100 daga ƙasa. Amma da yawa daga cikinmu a kan darduma muke zama mu jingina da matashi, kunne a wajajen 70, kuma ba a iya gajarta doguwa. Sautin zai riƙa wucewa ta saman kai. Ƙarama kuwa mazauninta ake yi daidai da zaman mai ita, santimita 60 zuwa 70 ga mai kujera, 35 zuwa 45 ga mai zaman ƙasa. Mai walda a Suame Magazine zai haɗa shi da bututun ƙarfe mai faɗi da faranti sama da ƙasa, a cika bututun da busasshen yashi don kada ya yi ƙara, ko kafinta a Sokoban ya yi shi da katako mai nauyi, sannan a sa 'yan gutsattsarin roba tsakanin faranti da akwati da kuma tsakanin gindi da tayil.

Abin da ya shafi laushin ɗaki ɗaya ne ga duka biyun, ba sai an tsawaita ba. A tafa hannu a tsakiyar ɗaki. Idan aka ji wata 'yar ƙara na bin tafin, to ana buƙatar kafet mai kauri tsakanin lasifika da wurin zama, da labule mai ninki a tagogi. Don gano inda sauti ke fara bugun bangon gefe, mutum ya zauna a wurinsa wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon, duk inda aka hango lasifikar a madubin nan ne wurin rataya darduma ko ajiye kantar littattafai. A ɗakin da babu komai sai tayil da fenti, karkato fuskokin lasifikokin su dubi mai sauraro kai tsaye yana rage abin da ke zuwa bangon gefe.

Ba kunne kaɗai ke zaune a gida ba, kuma a nan kowane nau'i yana da inda ya ci da inda ya faɗi. Wanda ya zaɓi ƙarama don ya sami fili ya sani cewa gindin mazauni yana cin ƙasa kusan daidai da gindin doguwa, kuma kuɗin mazaunin dole a haɗa shi cikin lissafi. Inda akwai yara masu rarrafe da masu tatata, akwati mai nauyi a saman siririn ƙarfe haɗari ne, sai an faɗaɗa gindin an kuma ɗaure akwatin, ko a kafa shi a bango idan mai gida ya yarda a huda. Doguwa ta fi tsayuwa da ƙafarta, ko da yake siriranta ma suna faɗuwa. A bar murfin yadin a fuska, domin yatsan yaro ba ya ganin kumburin tuwita ya ƙyale. Ta fuskar inganci kuwa, a farashi ɗaya ƙarama takan fi kayan ciki masu kyau, saboda ba a raba kuɗin a kan katako mai yawa da bakuna huɗu ba. A ƙwanƙwasa gefen doguwa mai araha da gaɓar yatsa. Idan ta yi amo kamar fanko, to haka za ta riƙa rera nata kiɗan a kan na makaɗa.

Maƙwabta kuma suna da haƙƙi, kuma a gidan haya mai ɗakuna jere bes ne ke isa gare su. Siririn sauti bango na tare shi, mai kauri kuwa yana ratsa bulo, yana kuma bi ta sararin da ke saman silin, wanda a gidaje da yawa a haɗe yake daga ɗaki zuwa ɗaki. Mai ƙarama da ke zaune kusa da ita yana samun ƙarar da ta ishe shi ba tare da ya cika gidan ba, domin rage nisa da rabi yana ƙara wa kunne har desibel 6 alhali ba a taɓa maɓalli ba. Gaskiya ne idan an rage ƙara kunne yana daina jin bes sosai, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933, kuma dalilin da ya sa tsofaffin amfilifayoyi ke da maɓallin da aka rubuta wa Loudness ke nan. Da daddare bayan isha'i shi ya fi dacewa a danna, maimakon a murɗa ƙarar gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro marar cutarwa ga baligi a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma ko lasifika mai 86 tana haura wannan a nisan mita 2 da wat kaɗan. Amfilifaya mai wat 40 ko 50 na gaskiya a kowane gefe ta wadatar a ciki da falo. Wadda ta yi ƙanƙanta ake kuma takura ta har sauti ya fara tsagewa ita ce ta fi ƙona tuwita.

Ƙanana da yawa yanzu suna zuwa da amfilifayarsu a ciki, kuma wannan yana rage wayoyi da ciwon kan haɗa wannan da wancan; wasu ma suna da maɓallin gyaran kusancin bango, kamar Yamaha HS5 da ke iya rage desibel 2 ko 4 a ƙasa da Hz 500. Sai dai a ƙasar da ta sha dumso, inda wuta kan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta, ni dai na fi natsuwa da amfilifaya dabam, domin idan ta ƙone mai gyaran rediyo zai duba ta ko a sauya ta, lasifikokin suna nan lafiya. Kowacce aka zaɓa, a sa mata abin kariya irin wanda ake sa wa firji, a kuma duba bayanta: wutar Gana bolt 230 ce, daidai da ta Ingila har da filogi mai ƙafa uku, amma kayan Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan kuma 100, kuma waɗannan ba sa shiga soket sai da tiransifoma mai rage wuta. Waya ta jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ta isa ga tazarar da ba ta kai mita 5 ba, 2.5 ga wadda ta fi haka. A kankare bakinta a shago, idan cikinta fari ne to alminiyam ce aka yi wa rufi. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka gefen biyu. Hanyar tabbatarwa ita ce a kama mai karanta labarai a Zuria FM ko wata tasha: idan muryarsa ta tsaya cak a tsakiya, haɗin daidai ne, idan kuwa ta watse ba a san inda take ba bes kuma ya rame, to an juya waya ɗaya.

Mafi yawan lasifikoki masu suna da ake samu a farashi mai sauƙi, irin su Wharfedale da Mission da KEF da Technics, na gwanjo ne, kuma yanayin Kumasi mai damina biyu da hunturu mai ƙura ba ya raga musu. Zoben da ke kewaye da wufa, idan na soso ne, yakan ruɓe ya marmashe da shekaru, na roba ya fi daɗewa. A tura wufar a hankali da yatsu a baje, idan aka ji tana gogar wani abu a ciki a bar ta; a kara kunne a kowace tuwita a tabbatar tana magana. Doguwa tana da wani rauni na musamman a nan, domin gindinta a ƙasa yake, kuma allon garin katakon da ake yin akwati da shi yana kumbura idan ya sha ruwan gugar tayil ko danshin damina, saboda haka a kwantar da ita a dubi ƙasanta kafin ciniki, a gida kuma a ɗaga ta a kan ƙafafun roba.

Akwai hanya ta uku ga wanda ke son zurfin bes amma ɗakinsa bai kai ba, wato ƙanana biyu da sabwufa guda, akwati dabam da bes kaɗai yake fitarwa. Kunne ba ya iya gane inda sautin da ke ƙasa da kimanin Hz 80 ke fitowa, shi ya sa tsarin THX na silima ya sa iyakar da ke raba aikin sabwufa da na sauran lasifikoki a nan. Fa'idar ita ce an raba aiki biyu da doguwa ta haɗe a akwati ɗaya: ƙananan suna tsayawa inda murya ta fi kyau, sabwufa kuma inda bes ya fi daidaita, tana da nata maɓallin da za a rage ko a kashe da dare. Don nema mata wuri, a ɗora ta a kan kujerar sauraro, a kunna kiɗa mai bes da ke hawa da sauka, a bi gindin bango a durƙushe ana saurara. Inda muryoyin suka fi zuwa daidai da juna, nan ne gurbinta. Idan har ana iya nuna ta da yatsa a ce ga inda bes ke fitowa, to ƙarfinta ya yi yawa.

Saboda haka mai ɗaki ɗaya ko ciki da falo, musamman mai 12 da 12, da mai zaman darduma, da wanda bangonsa na haɗe da na maƙwabci, ƙarama ce tasa, rufaffiya idan ya samu, a kan mazauni mai nauyi. Mai gidan kansa da falonsa ya kai mita 4 da 6, wanda zai iya zama mita 3 daga lasifika, iyalinsa kuma suka yarda a bar mata sarari daga bango da kusurwa, doguwa za ta ba shi nauyi da sauƙin numfashin da ƙarama ba za ta iya ba.

Wanda kuwa ya riga ya sayi doguwa ya kai ta ƙaramin ɗaki, ba sai ya mayar da ita Adum ba. Ya fara da fitar da lasifikokin biyu daga kusurwa, aƙalla rabin mita daga bangon gefe, ya bambanta wannan tazara da ta baya, sannan ya janyo wurin zamansa gaba. Idan gunjin bai lafa ba, ya naɗe safa mai kauri ko guntun soso ya toshe ramin numfashin, wanda hakan ke mayar da akwatin kusan rufaffe, kuma kamfanoni da dama da kansu suke sako irin wannan toshiya a cikin kwali. Ya gwada toshe na gefe ɗaya tukuna, wanda ya fi kusa da kusurwa, kafin ya toshe duka, ya kuma rage maɓallin bes na amfilifaya da daraja ɗaya ko biyu. Kowane canji a yi shi shi kaɗai, da murya ɗaya da kiɗa ɗaya da kunne ya saba da su, kuma idan an dace da wurin a manna salatif a kan tayil daidai kusurwoyin akwatin, domin mai shara za ta matsar da su gobe da safe.